Asumana Meteyo da irin hatsin Inna

Asumana ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsaye bakin kilas da alli a hannu. Hadiza matarshi ce ta kira. Ta ce, "Ramatu, taubashinki ya tahi," sai kuka ya ci ƙarfinta. Ban san sadda na zauna ƙasa ba. Dirakta ya zo ya zare allin daga hannuna ya ce in wuce gida.

Yanzu ina ɗakin Hadiza. Maza sun ɗauke shi sun nufi maƙabarta, mu mata mun yi kuka har murya ta dishe. Na ce bari in rubuta wani abu tun zuciyata na da zafi, don gobe ban san ko zan iya ba.

Ga wanda bai san shi ba: Asumana ɗan kawuna ne, ubanshi Mamman ƙanen Innata ne ciki ɗaya. Ma'aikacin yanayi ne nan Tawa, ɓangaren da ke bin ruwa da iska saboda manoma da makiyaya. Daga Bambeye har Takanamat ba wanda ke kiran shi da sunan yanka, Meteyo kowa ke cewa, sunan ma'aikatarsu ta yanayi.

Ni kam Boka nike ce mishi. Taubashi ne, ina da dama.

"Boka, duba mini, in shanya tufafi yau?"

"Shanya abinki, Madam. In ruwa ya buge su ma alheri ne, dama wankinki ba fita shike ba."

Haka muke tun muna yara, kuma ban taɓa cin nasara a kanshi ba.

Mutum ne da bai iya ajiye ilimi a aljihu ba. Ya taɓa zuwa kilas ɗina da butar shayi da murfin tukunya, ya tafasa ruwa, ya tara murfin a kan tururi har ɗigo ya fara zuba, ya ce wa yara ga girgije ga ruwan sama. Har yau in hadari ya haɗu akwai tsohon ɗalibina da ke rubuto mini cewa an ɗora butar Tonton, sunan da yaran ke kiran shi da shi.

Buzaye na kiran shi daga arewa su tambayi inda ciyawa ta fito kafin su kora bisashe. Don su ya koyi Buzanci, gurgu-gurgu, suna mishi dariya shina ƙara yi.

Kuma shi ya bi ƙauyukan arewacin Adar da moto, wato babur, shina kafa ma'aunin ruwan sama. Wani ɗan bututu ne na roba a kan ƙarfe, mutanenmu sunka sa mishi suna kwalba. Lambobin milimeta ne a jiki, amma matan ƙauye ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko. Sai ya nemi jan fenti ya ja layi ɗaya. Ya ce in ruwan dare da yini ya haye layin nan, ƙasa ta sha abin da za ta iya riƙe iri. In bai kai ba, wanke fuska kawai ta yi.

Akwai irin wannan kwalba a garinmu, can arewa da Afala, kusa da rijiya.

Abin da nike son ku sani game da shi ya faru ne wata shekara da ta biyo bayan muguwar damana. Waccan damanar ruwa ya ɗauke hatsi na cikin bununi, abin da anka kai rumbu bai kai ko sanyi ba.

Innata ita kaɗai ce a gida. Babanmu ya daɗe da rasuwa, wana Illa kuma shina Abijan, cin ranin da ya koma zama. Na yi roƙon duniya ta dawo wurina Tawa, ta ce ita ba za ta zauna a gidan birni tana kallon bangon siminti ba, gonar mijinta na nan.

A shekarar nan Inna ta ci ganye, ta ci dussa, amma akwai buhu guda ƙarami da ba ta taɓa ba. Irin hatsin gidanmu ne, wanda ake zaɓen zangarniyarshi tun zamanin kakanni, mai haƙuri da ƙasarmu ta duwatsu. Shibka ɗaya tak ke cikin buhun. In ya mutu a ƙasa babu na biyu, irin ya ƙare ke nan, Inna kuma dole ta rufe gida ta biyo ni birni. Ta san haka, ni ma na sani.

Kafin damana su Asumana sunka fitar da hasashen shekara kamar yadda suke yi. Da Faransanci ne, kuma dogo. A ciki an ce jimillar ruwan bana za ta zo normal, amma damana za ta makara, kuma bayan ruwan farko ana tsoron dogon fari.

To, kun san mu da saƙo. Daga baki zuwa baki, daga salula zuwa salula, duk dogon bayanin ya zube a hanya. Kalma ɗaya ta iso ƙauye da ranta, wadda kowa ya sani.

Normal.

Ku ƴan uwa na ƙetaren iyaka ku gane, normal a bakinmu gaisuwa ce. Ya gida? Normal. Ya kasuwa? Normal. Moto ya gyaru? Normal, hau ka tahi. Ma'anarta lahiya lau, ba matsala. Mutumin da ya kwana da yunwa shekara guda ka ce mishi damana normal, ai ka yi mishi bushara ke nan.

Har daga Abijan Illa ya turo vokal, wato saƙon murya, na ji shi da kunnena: "Inna, albishirinki, meteyo sun ce bana normal! Ruwan farko ki zuba iri duka, kar ki bar ko ƙwaya."

Ba a jima ba kuwa sai ga ruwa, da wuri, da la'asar. Inna ta kira ni muryarta kamar ta yarinya, ta ce ƙamshin ƙasa ya cika gari, gobe shibka. Ni da murnata na buga wa Asumana in tsokane shi, na ce Boka an riga ka, Allah ya yi ruwa ba da izininka ba.

Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Kwalba ta haye layi?"

Na ce an ce ta kusa.

Ya ce, "Shi ne mugun. Ya isa shi tada iri, bai isa shi raya shi ba. Ki nemi izini wurin dirakta, da asuba ina ƙofar gidanki."

Hanyar nan ta latariti, jar ƙasa ba kwalta, ban taɓa jin tsawonta kamar rannan ba. Munka isa hantsi bai ɗaga ba, daidai mutane na fitowa, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙoren iri a ka.

Ya kashe moto a bakin rijiya, ya cire hular kwanonshi, ya durƙusa ya gai da dattawa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya miƙe ya ce, don Allah a dakata da shibka.

Wallahi na ji kunya ta kama ni. Ka zo daga birni da takalmi sau-ciki ka ce wa mai jin yunwa kar shi shibka a kan danshi!

Baba Nomau, wani dattijo da ba ya tauna magana, ya dogara sungumi ya ce, "Ɗan Mamman, boko ya kai ku ga sanin gaibu yanzu?"

Asumana ya ce, "Subhanallahi, Baba. Gaibu na Allah ne shi kaɗai. Amma kai ma in ka ga shamuwa ta iso, ko tururuwa na kwashe ƙwai, kana cewa ruwa ya kusa, kuma ba wanda ya taɓa ce maka ka yi duba. Mu ma alama muke kallo. Sai dai tamu daga sama ake ɗauko hotonta, ana kuma auna ta a garuruwa da yawa lokaci guda."

Ya nuna kudu da hannu. Ya ce iskar damana, mai ɗauko danshi daga can bakin teku, ba ta zauna a Adar ba tukuna. Leƙowa ta yi. Busasshiyar iskar arewa na da sauran ƙarfi, za ta sake tura ta baya, kuma in ta koma za a daɗe ba a ga ɗigo ba.

Wani daga baya ya ɗaga murya, "To ba ku ne kunka ce normal ba?"

Nan na ga Asumana ya dafe kai. Sai a lokacin ya gane inda ɓarnar take.

Ya ce, "Jama'a, normal iri biyu ce. Akwai ta gaisuwa, akwai ta biro, wato ta ofishinmu. Ta biro ba ta nufin lahiya lau. Ana tara ruwan shekaru masu yawa ne, na kirki da na banza, a duba tsakiyarsu. Normal tamu na nufin damana irin wadda kunka saba. To, tsakaninku da Allah, mi kunka saba gani nan garin?"

Wata tsohuwa daga cikin mata ta ce, "Wahala!"

Aka kwashe da dariya, har Baba Nomau.

Ya ce, "Madalla, Iya ta fassara. Kuma ko ita wagga normal ɗin, maganar yawan ruwa take daga farko zuwa ƙarshe. Ba ta ce yau ne ranar shibka ba."

Abin da ya sa nike alfahari da shi har gobe shi ne bai yi musu ƙaryar tabbas ba. Da ya ce wallahi ba za a yi ruwa ba, da wataƙila sun fi tsorata. Amma cewa ya yi, "Ina iya yin kuskure, aikinmu ba wahayi ba ne. Abin da ya fi rinjaye nike gaya muku. Mai iri da yawa shi gwada wani abu a fadama, in ya kama ya ci riba. Mai shibka ɗaya shi riƙe abinshi."

Yawancinsu sunka yi godiya, sunka saɓa sungumi sunka wuce gona. Ban ga laifinsu ba, har yau ban gani ba. Ƙasa ce jiƙaƙƙa a gabansu, shi kuma magana ce kawai a bakinshi.

Saura Inna.

Munka iske ta tsakar gida ta riga ta kwance bakin buhu. Wanda ya san Innata ya san ba a tanƙwara ta. Ya durƙusa ya ce, "Gwoggo, ina kwana." Ta ce ta ji abin da ya faɗa a rijiya, ba sai ya maimaita ba.

Ta ce, "Asumana, ni na goya ka sadda uwarka ke jinya. Dube ni. In na zauna, hatsin maƙwabta ya kai gwiwa, gonar ubansu Ramatu na tsirara, ina zan sa fuskata?"

Ya ce, "Ki ɗora a kaina, Gwoggo. Ki ce ɗan ƙanenki ne ya hana ki."

"In kai ne ka yi kuskure fa?"

"In ni na yi kuskure, kin makara, hatsinki shi biyo na mutane a baya, ki samu kaɗan. In su ne sunka yi kuskure kuma kin bi su, ba ki da ko ƙwaya. Ki auna da kanki."

Ta daɗe tana kallon buhun. Ni dai na san in na sa baki ta shibka ke nan.

Can sai ta tsugunna ta ɗaure bakinshi tam, ta ɗauka da kanta ta fita waje ta dangwarar a kan moto.

Ta ce, "Ɗauke shi daga gidan ga. In ya kwana nan, wallahi gobe shina cikin ƙasa. Na san hannuna."

Haka munka dawo Tawa, buhun irin gidanmu a tsakanina da shi.

Kwanakin da sunka biyo baya ba na fatan maƙiyina shi gan su. Shibkar mutane ta tsiro, gari ya yi kore shar, gonar Inna kaɗai ja wur a tsakiya. Mata a rijiya sunka sa mata suna gonar meteyo. Illa ya turo vokal mai zafi, ya ce ɗan boko ya zo ya raba tsohuwa da abincinta, in ya dawo sai sun haɗu. Inna kuwa kullum sai ta kira ni: "Ki gaya wa bokan naki shi maido mini irina." Kafin in kai saƙon ta sake kira ta ce a'a, shi bar shi can.

Shi kuma bai kai buhun biro ba. A ɗakin kwananshi ya ɗora shi kan kujera saboda ɓera. Hadiza ta ce abinci ma ya daina shiga, in ya dawo aiki sai shi zauna da ordinatar, wato kwamfuta, a cinya shina bin hotunan girgije, shi ɗaga kai shi dubi buhun.

Ran nan na je na iske shi ya rame. Karo na farko a rayuwata ban ce mishi Boka ba. Na ce, "Asumana, kana tsoron ka yi kuskure ne?"

Ya ce, "A'a, Ramatu. Roƙon Allah nike shi sa ni ne na yi kuskure. Gari duka sun shibka. Gara Gwoggo ta yi shekara tana zagina da a ce ni ke da gaskiya."

Wannan magana ba ta taɓa fita daga raina ba. Ni da nike ta addu'a a ɓoye Allah shi wanke ɗan uwana a idon mutane.

Ruwan bai dawo ba. Rana ta buɗe, tsiron ya naɗe, ya yi fari, iska ta zo da rairayi ta rufe abin da ya saura. Wanda ke da sauran iri ya zauna jiran na biyu, wanda ba shi da shi ya zauna kallon sama.

Ko sau ɗaya ban ji Asumana ya ce ai na gaya muku ba. Yawo ya shiga yi, biro zuwa biro, wurin duk wanda ya sani a harkar noma, shina neman wa garinmu da maƙwabtansu irin hatsi mai saurin nuna, don damanar da ta rage gajeruwa ce. Ya samo abin da ya samo. Bai ishi kowa ba, kuma wannan ya dame shi ƙwarai.

Sai wata rana ana tsakiyar rana mai ƙuna ya tsaya ƙofar lakwal ɗinmu, buhun ɗaure a bayan moto. Ya ce, "Madam, hau. Iska ta zauna."

Na dubi sama, fes, ko tsumman girgije babu. Na ce Boka, wannan karon in ka kunyata mu ni da kaina zan kai ka Abijan wurin Illa.

Munka kai wa Inna irinta. Ta kwance, ta tura hannu ciki har wuyan hannu, ta shinshina, ba ta ce mishi sannu ba. Washegari da yamma gabas ta yi baƙi ƙirin. Ruwan da anka yi ya haye jan layi ya bar shi can ƙasa, kuma bayan shi wani ya biyo, wani ya sake biyowa.

Inna ta shibka. Kuma da yake ita ce, ta rage yawan ƙwayar da take jefawa a rami, ta ɗibar wa maƙwabta mata da ba su da ko tsaba, cikinsu har da waɗanda sunka raɗa wa gonarta suna. Da kaka ta yi, daga gonar nan mutane da yawa sunka zaɓi zangarniyar iri ta baɗi. Hatsin kakanninmu da ke tsaye a garin yau, ta kujerar ɗakin Asumana ya bi.

Illa ya dawo da rani da shadda ya kawo mishi. Asumana ya karɓa ya ce, "Ashe haɗuwar ke nan? Da na sani da na ƙara ɓata maka rai."

Tun daga shekarar nan ya ɗaura yaƙi da kalmar normal. Ya zauna da masu karanta bayanin yanayi da Hausa a gidajen rediyo, ya roƙe su kar ta sake fita daga bakinsu. A ce damana irin wadda anka saba. Kuma a fara da abin da manomi ke buƙata: yaushe za ta sauka, akwai fari a tsakiya ko babu, yaushe za ta ɗauke, wane iri ya dace. Yawan ruwa shi zo daga baya. Ya buɗe gurup na salula da mutanen ƙauyuka, mata na turo vokal su ce kwalba ta kai layi ko ba ta kai ba, shi kuma shina maido musu da abin da na'ura ta nuna: a jinkirta zuba taki, ruwa mai ƙarfi na tahe za shi wanke shi, ko a yi maza a gama noma kafin jibi.

A garinmu kuwa abin ya zama wasa. Ka gai da mutum ya ce maka normal, sai ka ce, "Ta biro ko ta gaisuwa?" Yara ma da ba a haifa ba a lokacin suna faɗi, ba su san daga ina ta fito ba.

An yi shekarun da hasashensu bai faɗa daidai ba. Shi da kanshi ke hawa moto shi je shi tsaya gaban mutane shi ce bana mun kauce, ga abin da munka gani, ga abin da ya faru. Ina jin shi ya sa sunka yarda da shi fiye da rediyo.

Ɗan Adar ne, a ƙasa ya yi rarrafe kamar kowa, ya je ya karanto ilimin sama ya dawo da shi bakin rijiyar garinsu. Ina alfahari da shi, ban kuwa taɓa gaya mishi ba, don taubashi ba ya yabon taubashi a gabanshi.

Ciwon ƙoda ya kama shi tun rani. Ganina da shi na ƙarshe a likita ne, farkon makon nan. Na iske shi kwance da ƙarin ruwa a hannu ɗaya, salula a ɗayan, Hadiza na ta faɗa likita ya hana shi aiki.

Na ce, "Boka, kai da ke duba wa duniya, duba wa kanka mana."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Wanga ba ya fitowa a na'urarmu, Madam."

Sai ya ce in riƙe mishi salular, za shi yi wa mutanen gida vokal. Ya yi na farko ya saurara, ya ce in goge, muryar mara lahiya ce, Gwoggo za ta gane. Ya sa Hadiza ta tada shi zaune, ya kurɓi ruwa, ya gyara murya kamar ba shi ba.

Ya ce, "Gwoggo da jama'ar gari, ina gaishe ku. Ruwan da ke tahe ƙarshen mako, in Allah ya yarda, na shibka ne. Na duba, abokan aikina ma sun duba, bakinmu ɗaya. In kwalba ta haye layi, kar ku tsaya wata hidima. Damanar bana ba ta da tsawo, danshin farko shi ne naku."

Da na tura ya koma ya kwanta, gumi ya jiƙa mishi riga. Na zauna ina mishi fifita har ya buɗe ido ya ce, "Tashi ki tahi, yaranki na can suna cinye alli."

Maganarshi ta ƙarshe gare ni ke nan.

Jiya da yamma anka yi ruwa a garinmu.

Ɗazu, da na iso nan na ga gawarshi, Hadiza ta ce ni ce zan gaya wa Inna. Inna ta san ba shi da lahiya, amma shi ya hana a gaya mata yadda abin ya kai. Na fita bayan ɗaki na buga.

Tana ɗauka na ji ƙarar sungumi da hayaniyar mata, na san gona take. Ba ta bari na yi sallama ba.

"Ramatu! Ya haye layi, ya haye da nisa! Ki gaya wa Asumana gari duka na gona, har Nomau da sandarshi. Ki ce mishi Gwoggo ta ce Allah shi yi mishi albarka."

Na ce, "Inna, ki zauna."

Ta ce, "In zauna ina, a kan shibka?"

Na gaya mata.

Na ji numfashinta kawai. Sannan ta yi salati a hankali, ta sake yi, ta ce, "Ɗan Mamman. Ɗan Mamman nawa."

Na ce mata na riga na yi magana da mai mota, in ya taso yanzu za ta iso kafin azahar, ta gan shi kafin a ɗauke shi.

Ta ce, "Kar ki turo kowa."

Na ce, "Inna, ɗan ƙanenki ne fa. Ke kinka goya shi. Mutane za su yi magana."

Ta ce, "Su yi. Vokal ɗin nan, daga gadon likita ya yi shi ko?"

Na ce e.

"Na ji a muryarshi, na yi shiru ne kawai. Yaro ya tashi zaune da ciwon ajali ya ce kar mu tsaya wata hidima, ni kuma in zama ta farko da za ta ajiye ƙwarya? Ki ce wa Hadiza ta yahe mini. In na rufe ramin ƙarshe ina nan tahe, in zauna da ita har arba'in."

Ba ta kashe salular ba, ina jin ta saka ta a ƙugu ne yadda take yi. Na ji ta ɗaga murya ta gaya wa mutane. Na ji kukan mata ya tashi daga gona zuwa gona. Na ji muryar Baba Nomau, ya ce a ɗaga hannu a yi wa Meteyo fatiha, aka shafa.

Sannan na ji sungumi ya ci gaba da sara.

Ya Allah, ga bawanka Asumana ya zo gare ka. Ka jiƙan shi, ka gafarta mishi, ka yalwata kabarinshi, ka sanyaya makwancinshi. Duk cikin da ya ƙoshi ta dalilin aikinshi ka sa a mizaninshi. Ka ba Hadiza da yaranta haƙuri, ka raya su bisa alheri. Ka ba Innata ƙarfin ƙarasa gonarta, ka raya abin da anka zuba a ƙasa yau.

Ku kuma da kunka karanta har nan, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah kar ku wuce haka nan. Ku karanta mishi Ƙulhuwallahu, ku sa shi a addu'arku bayan salla. Manoman da ke gurup ɗinshi, wanda ya iya karatu shi gaya wa wanda bai iya ba, a yi mishi addu'a daga bakin gona.

Allah shi jiƙan ka, taubashina. Amin.